Lasisin Bindigar Yaya

Aikina a unguwar Naif da ke Dubai ɗaurin kaya ne. 'Yan kasuwa su zaga lunguna su sayo takalma da jakunkuna da abaya, su jibge mana a sito, mu kuma mu danna su a katan, mu naɗe da leda, mu zagaye da salatif, mu rubuta alamar mai kaya, a ɗora kan sikeli. Na jirgin sama gefe guda, na kwantena gefe guda. Na daɗe a wannan aiki har gwiwoyina sun fara ƙara idan na durƙusa. Ban yi boko mai nisa ba, firamare ma a hanya na bar ta, amma na san abin da ke wucewa a kago, wato kayan da ake aikawa, da abin da ba ya wucewa. Iya sanina ke nan, kuma shi ya jawo mini maganar da zan faɗa.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da Yaya. Shi ke ƙauye riƙe da ita da gonakin da Baba ya bari, ɗaya a bayan gari, babbar kuma can cikin daji. Har yau Auta yake ce mini, ga furfura ta cinye mini gemu.

A shekarar da nake magana mutanen daji sun matsa wa yankinmu. Sun kwashe shanu, sun ɗauki mutane a hanyar gona, ba sai na tsaya lissafi ba, kowa ya san irin abin. Mazan gari suka haɗa 'yan sa-kai, suka yanke cewa idan kaka ta yi za a riƙa fita girbi rukuni-rukuni, masu bindiga suna tsaye masu lauje suna yanka. Suka kuma ce gidan da bai kawo bindiga ba, ba za a raka shi gonar daji ba, don ba wanda zai tsaya da ransa kan dawar wanda bai kawo komai ba. Gidanmu babu. Maƙerin da ke ƙera wa mutane ta gargajiya an kama shi, wani maƙwabcinmu kuma an tare shi a shingen hanya da irinta, har lokacin yana tsare. Yaya ya ce shi ba zai riƙe abin da zai kai shi ɗaurin da ba ranar fita ba, kuma ba zai riƙe wadda za ta fashe masa a hannu ba. Ta kirki yake so, mai baki biyu. Ya faɗa mini ƙarara, in dawa ta nuna babu bindiga a gidan, zai kwashe Inna da iyali ya koma birni, gonar Baba ta zama ta wanda ya ga dama.

Ina zaune kan katan a bakin sito ina cin shinkafar Pakistanawa da rana ya kira. Bayan gaisuwa sai ya rage murya, kamar akwai wanda ke bayansa.

"Auta, kai da kake ɗaure kayan duniya. Ka sayo ta nan wajenku mana, ka cusa ta cikin dilar bargo. Wa zai kwance bargo?"

Na ajiye cokali. Na ce masa babu mai kwance bargo, don ba sa buƙata. Akwai na'urar da ake tura kaya ta cikinta, tana nuna ko allura ce. Na ce masa mun taɓa ganin an dawo mana da katan guda saboda batirin fitila. Ya ce ai wannan batir ne. Mutanenmu haka suke, a wurinsu Dubai wani babban kanti ne da ba shi da mai gadi, kana miƙa hannu kana ɗauka. Wanda ya roƙe ni agogo da wanda ya roƙe ni bindiga duk murya ɗaya suka yi amfani da ita.

Duk da haka na tambaya, don kada ya ce ban yi komai ba. A ɗakin da muke kwana a Al Nahda akwai wani ɗan Kumasi, gadonsa na saman nawa, yana gadin wani dogon gini. Kakinsa har da igiya a kafaɗa kamar soja. Na same shi ranar Juma'a yana goge takalmi na tambaye shi inda ake sayar da bindiga a garin nan. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya tashi ya rufe ta.

"Massa, kai da wa?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce shi da yake gadi da kaki bai taɓa riƙe abin da ya wuce oba-oba ba. Ya ce a iya saninsa lasisi a nan na 'yan ƙasa ne, su ma sai an tantance su an duba lafiyarsu, mu masu bizar aiki ko layin ba mu da shi. In dai harbi nake marmari, akwai wuraren da ake biya a shiga a harbi takarda, a karɓe abarsu a bakin ƙofa. Sannan ya roƙe ni don Allah kada in sake furta wannan kalma a ɗakin, shi yana da 'ya'ya a makaranta.

Na kira Yaya na ce khalas, shi ke nan, a bar maganar kago. Na ce ya je babban birnin jiharmu ya nemi lasisi kamar yadda doka ta ce, ni zan ɗauki nauyin komai. Zaman nan ya koya mini abu ɗaya, takarda. Ba ka numfashi a garin nan sai da kati. Na ɗauka can ma idan mutum ya bi layi ya kawo abin da aka ce, zai samu.

Ya je. A bakin ofishin da ke karɓar masu nema akwai wani mutum da teburi a ƙarƙashin darbejiya, yana cika wa mutane fom. Shi ya zayyana masa abin da ake so, Yaya kuma ya zayyana mini a saƙon murya mai tsawo, ana jin hon ɗin babura a bayansa. Sai dagaci ya rubuta cewa ya san ka, kuma kai ba mai rigima ba ne, hakimi ya buga hatimi a kai. Sai mutum biyu masu muƙami sun tsaya maka. Hotuna. Shaidar cewa ba a taɓa ɗaure ka kan duka ko sara ba, kuma ba ka shaye-shaye. Likitan ido ya duba ka. Likitan ƙwaƙwalwa ya sa hannu cewa hankalinka ɗaya. Ka dangwala yatsu. Daga nan fayil ya hau sama, in an amince ka tafi wurin dila mai rajista ka saya, a rubuta lambar bindigar a jikin lasisin, harsashi ma a ƙirga maka, kuma duk shekara ka dawo a sabunta.

Na saurara har ƙarshe. Na yi tunanin waɗanda ke cikin dajin nan da manyan bindigogi a kafaɗa, yara-yara da su, ko wane likita ne ya duba musu ido. Amma na haɗiye. Ni na ce a bi doka.

Bayan 'yan kwanaki ya ce in turo hotona na fasfo. Na ce hotona na me.

"Ai sunanka na sa."

A nan sai na yi bayani, don wanda ba ɗan gidanmu ba zai ce wauta ce. Tun zamanin Baba, abin da aka saya da gumin mutum sunansa ake kira a kai, ko da bai taɓa ganin abin ba. Baba ya ga yadda rabon gado ya raba gidan kawunsa, shi ya sa ya kafa wannan. Injin niƙan da ke ƙofar gida injin Auta ne. Shanun huɗa kafin a sayar da su shanun Auta ne. Babur ɗin da Yaya ke hawa, takardunsa da sunana, in an tare shi a hanya ya nuna su a ce ya wuce. A wurin Yaya, ya rubuta sunansa kan abin da ƙaninsa ya biya cin amana ne, gobe in ya faɗi ya mutu 'ya'yansa su ce na ubansu ne. Ya ce ya tambayi mai teburin, mai teburin ya ce ba matsala, mai suna ya yi takardunsa a inda yake ya aiko. Ni ma ban ga matsala ba. Na ɗauka lasisin bindiga kamar takardar babur ne.

To daga nan wahalar ta dawo kaina. Dagaci ya rubuta cewa ya san ni sarai, mutumin da rabonsa da ganina tun gemuna na baƙi. Masu tsayawa kuwa, wani tsohon hedimasta ya yarda, ɗan'uwanmu da ke aiki a ƙaramar hukuma ya yarda da safe, da yamma ya aiko cewa matarsa ta hana shi. Sai da Yaya ya yi ta sintiri kafin ya samu wani. Ni kuma aka bar ni da ido da ƙwaƙwalwa.

Akwai wani ƙaramin asibiti a Deira, saman shagon turare, inda muke zuwa in baya ya riƙe. Na roƙi awa biyu a wurin aiki na hau. Likitan ɗan Indiya ne, dattijo, da tabarau a bakin hanci. Turancina na kasuwa ne, Larabcina na lebura, da su na haɗa na ce ina son takarda cewa idona lafiya, kaina ma lafiya. Ya jawo biro ya ce wa za a kai wa, kamfani ne ko tuƙi. Na ce bindiga zan saya.

Ya ajiye biron a hankali. Ya ce in ba shi katin zamana. Ya riƙe katin bai mayar mini ba. Sai ya fara tambaya da wata murya mai laushi, irin wadda ake yi wa akuyar da ake son kamawa. Ina barci kuwa? Maigidana yana biyana kan lokaci? Akwai wanda ya ɓata mini rai a wurin aiki? Ina yawan tunani? Matar da ke taimaka masa ta matsa kusa da ƙofa. A lokacin na gane abin da na yi. Baƙin mutum, lebura, da rigar aiki duk gumi, ya hau bene a tsakiyar Deira yana cewa a rubuta masa shi ba mahaukaci ba ne zai sayi bindiga. Waya ɗaya dattijon nan zai buga, bizata ta tafi, ni da ke ciyar da gida biyu.

Na ciro wayata. Na ce Najeriya, Najeriya, ba nan ba. Na nuna masa hoton Yaya tsaye cikin dawa, na nuna masa hoton rumbunan garin maƙwabta da aka ƙone. Na ce ɓarayi, gona, ɗan'uwana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya turo mini katina ta kan teburi da yatsa ɗaya.

"Habibi, ido zan duba. Duba kai ba aikina ba ne."

Ya duba idon, ya ce na hagu ya yi rauni, sai na sa tabarau. Wato na hau bene neman shaidar lafiya na sauko da cuta. Na sayi tabarau, na koma ya rubuta cewa da tabarau ina gani daidai. Ta ƙwaƙwalwa kuwa sai da na je wani babban asibiti, na yi layi ranar hutuna, wannan karon na ce takardar ta wani aiki ce a gida, ban ƙara ko kalma ba. Sai hatimi. Wannan ofis ya buga, a ce sai wancan ya buga a kan nasa. Ka tashi daga Al Nahda a bas, ka sauka ka shiga jirgin ƙasa, ka fito cikin ranar da ke narka takalmi, a ba ka lamba ka zauna. A nan dai in an ce ka dawo gobe, goben ne. Wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba.

Na haɗa komai a ambulan na ba wata Hajiya da muke ɗaure wa atamfa da mayafai, za ta sauka Kano. Ta ce mene ne a ciki, na ce takardun asibiti. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce amin, don ina buƙata.

Kafin takardun su isa hannun Yaya an riga an yanke gero, dawa ta yi ciki. Ya ɗauka ya tafi birni, wannan karon aka shigar da shi ciki wurin wani jami'i. Jami'in ya buɗe fayil, ya dubi hoto, ya dubi Yaya, ya sake duban hoto. Ya ce wannan ai ba kai ba ne. Yaya ya ce ƙanina ne, yana Dubai, shi ya biya. Jami'in ya ce to wa zai riƙe bindigar. Yaya ya ce ni. Yaya ya ce mini mutumin dariya ya yi har ya kira na kusa da shi ya zo ya ji. Suka gaya masa lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Wanda sunansa ke jiki shi zai zo da ƙafarsa ya dangwala yatsu, shi kaɗai zai riƙe. In Yaya ya ɗauke ta ko zuwa bayan gida ne, daidai yake da wanda ba shi da takarda ko ɗaya, kamun da yake gudu shi zai same shi, ni ma a nemo ni.

Ya fito ya tsaya kan mai teburin darbejiya. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce shi fom aka ce ya cika, ya cika.

Da ya kira ni ban tausaya masa ba, faɗa na yi. Na ce ta yaya za ka sa sunan mutumin da ke wata ƙasa. Ya ce ta yaya kai ka yarda. Duk mun yi gaskiya. Ya ce to in zo mana. Na ce hutuna bai yi ba, lokacin kaya ne, sito cike har rufi, kuma ko na zo na dangwala, ranar da na juyo bindigar ta zama ƙarfen banza a ɗaki. Babu wata hanya sai a sake daga farko da sunansa.

Ya yarda da dagaci, ya yarda da hotuna, ya yarda da ido. Da aka zo kan ƙwaƙwalwa ya tsaya. A jiharmu likitan da ake karɓar sa hannunsa yana asibitin masu taɓin hankali, wanda kowa ke kira asibitin mahaukata. Yaya shi ke jan salla in liman ba ya gari. Babban ɗansa yana neman aure a garin da ke gaba da mu, an kai gaisuwa, ana jiran amsa.

"Auta, ka san abin da kake cewa kuwa? In shiga gidan can da ƙafata?"

"Ni ban shiga ba a nan?"

"Kai wa ya san ka a can? Ni ko kasuwa na shiga sai an ce ga wane. A ce an gan ni a bencin mahaukata, wa zai ba ɗana mata? Wa zai bi ni salla?"

"To ka zauna da mutuncinka, mutanen daji kuma su yanke dawar."

Ya kashe wayar. Bai taɓa kashe mini waya ba sai ranar. Na tsaya a lungun kasuwar Murshid da amalanke cike da katan, masu wucewa suna ce mini yalla, yalla, in matsa na tare hanya. Na san ba ƙarya ya yi ba. A wurinmu ba a bambance wanda ya je a duba shi da wanda aka kai a ɗaure. Ka shiga ka shiga ke nan, har jikokinka za a riƙa nunawa. Amma ni ma na gaji. Na gaji da zama injin da ake dannawa daga nesa, kuma in faɗi gaskiya a ce na yi rashin kunya.

Inna ce ta raba. Ban san me ta ce masa ba, ita dai ta ce mini ta gaya masa kabarin Baba na garin, ita ba ta ga inda za ta ba. Ya shirya ya tafi, ya ce wa mutane zai je duba wani a asibitin ƙashi. Ya naɗa rawani har baki, shi da ba ya naɗi sai Idi.

Daga baya ya ba ni labarin da kansa, murya a dushe. Ya ce ya zauna a benci tsakanin wani saurayi da 'yan'uwansa suka riƙe ta hannu biyu da wata mata da ke ta gyara ɗankwalin da babu shi a kanta. Ya ce bai ji ƙyamarsu ba, tausayi ya ji, kansa ya ji wa ƙyama, mutum da lafiyarsa ya zo ya tare wa marasa lafiya layi don a ba shi izinin tsare abincinsa. Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarsa. Ta tambaye shi yau wace rana, wane gari ake, ta sa ya ƙirga daga sama zuwa ƙasa. Ta ce yana jin wata ƙara ko muryoyi da sauran mutane ba sa ji? Ya ce ƙarar da yake ji duk garinsu na jin ta. Ta ɗago ta dube shi, ta sa hannu.

A bakin ƙofa ya yi karo da wani direba da ke jigila tsakanin birni da kasuwarmu, ya kawo ƙanwarsa. Suka gaisa. Rawanin bai hana komai ba. Kafin Yaya ya isa gida labari ya riga shi, har da ƙari, wai an ga ana ba shi ƙwayoyi a leda.

Ya haɗiye wannan ma. Ya ɗauki fayil cikakke, babu abin da ya rage, ya koma ofishin. Lokacin dawa ta sunkuyar da kai, 'yan sa-kai sun fara tsara wanda za a fara rakawa. Jami'in nan dai ya samu. Mutumin ya buɗe, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce madalla, yanzu kam komai ya yi. Ya sa Yaya ya dangwala yatsu goma. Ya ba shi tsumma ya goge. Sannan ya rufe fayil ɗin ya ce sai dai fa an dakatar da ba da sabon lasisi daga sama, tun tuni, sai ranar da aka ɗage. Za su ajiye masa, in an buɗe yana cikin na farko.

Yaya ya ce tun yaushe. Ya ce ai an jima. Yaya ya ce wato ranar da na fara zuwa ma a dakace yake. Ya ce eh. Yaya ya ce to me ya hana ku gaya mini. Jami'in ya ce su ba a ce su daina karɓar fayil ba, an ce dai a daina bayarwa.

Ina cikin sito na ji saƙon, da tsakar rana, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, ina zagaye wani ƙaton katan na takalman yara. Muryar Yaya babu fushi a cikinta, shi ya fi ɓata mini rai. Kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Na saurara, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da zagaye katan ɗin har salatif ya ƙare a hannuna. Na fita bayan sito na tofar da yawu. Duk wanda Yaya ya bi ta gabansa ya sani. Mai teburi ya sani, mai hatimi ya sani, wanda ya miƙa masa tsumman goge yatsu ya sani. Suka bar dattijo yana hawa mota yana sauka a hanyar da ake ɗaukar mutane, suka bar shi ya sayar da mutuncinsa a bencin asibiti, don kowa ya samu ɗan abin da zai samu a kan takardar da suka san ba ta zuwa ko'ina. Ɓarawon daji aƙalla ba ya ce maka madalla.

Ɗan Kumasi ya ce in yi haƙuri, a ƙasarsu ma ofis ofis ne. Na ce masa ya bar ni. Maigidanmu ya ga fuskata ya ce shwaiya shwaiya, in bi a hankali, in sha ruwa. Na sha.

'Yan sa-kai ba su canza magana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yaya ya roƙa a raka shi ko na yini ɗaya, suka ce in sun yi masa sai sun yi wa kowa. Wasu ma a bayan idonsa cewa suka yi gara da bai samu ba, mutumin da ke zuwa asibitin can ba a tsayawa kusa da shi da bindiga. Yaya ya yanke dawar gonar bayan gari shi da 'ya'yansa, abin da bai kai ya riƙe gida zuwa damina ba. Ta daji kuwa, wadda ita ce abincin, ko leƙa ta bai yi ba. Mutanen garin gaba suka aiko cewa a ɗan dakata da maganar auren, yarinya za ta ƙara karatu.

Yaya ya cika maganarsa. Ya samo motar itace ya loda Inna da iyali da buhunan da ya samu da injin niƙa, suka sauka a gidan da nake kama wa matata haya a birni, ɗaki biyu da rumfa. Yanzu gadi yake yi a wani wurin buga bulo, da gora da fitila. Mutumin da ke noma abin da gida uku ke ci.

Ban ce da an ba shi bindigar da komai ya gyaru ba. Mai baki biyu harsashi biyu ce, na san abin da waɗancan ke riƙe da shi. Wataƙila da yanzu wani labarin nake faɗa, wanda ya fi wannan muni. Amma da an ce masa babu tun ranar farko, da ya san abin da zai yi da daminarsa, da ya bar garin da sunansa a wanke.

Muna waya har yanzu, sama-sama. Lafiya, lafiya, ya aiki, ya zafi. Ba ya maganar gona, ba na tayarwa. Inna ce kawai ba ta daina ba. Duk sanda aka miƙa mata waya, bayan ta sa mini albarka, sai ta ce wai wa ya yanke dawar gonar daji. Ina ce mata ban sani ba. Yaya ya sani, bai gaya mata ba, ni kuma na daina tambayarsa.